Layi Ɗaya da Ka Bari, Yaya Sanusi

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Yaya Sanusi.

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin rahama. Ni ce ƙanwarka Rabi. Na san takarda ba ta isa inda kake, amma maganar nan ba ni da wanda zan kai wa sai kai, tunda a hannunka ta faro.

Ka tuna manhajar da ka haɗa wa ƙaramin asibitin da nake aiki a Kankiya, wadda ke riƙe sunayen masu juna biyu da ranakun awonsu? Kwamfutar da ka ɗora ta a kai ta gaji, tana ɗaukewa sau uku kafin azahar. Hajiya Talatu, shugabar wurin, ta samo sabuwa ta dire a gabana, ta ce, "Rabi, ke kika zauna kusa da shi, ki mayar mana da manhajar cikin wannan." Alhali kai ma ka sani, ni sunaye kawai nake shigarwa.

A makon ne kuma takardar karatuna ta Zariya ta iso. Mako biyu aka ba ni in je in yi rajista.

Na ɗauko filashinka, wanda ka adana manhajar a ciki, daga jakar da Inna ta hana kowa taɓawa. Ka taɓa yi mini bayani, kana ɓare gyaɗa, cewa manhajar ba abu ɗaya ba ce. Guntaye ne masu yawa, wasu naka, wasu na mutanen da ba mu taɓa gani ba, kuma kowanne yana son wani ya riga shi shiga. Ka ce duk ka jera su a rumbun bayanai, layi bayan layi: wane yana buƙatar wane, kuma wace siga. Akwai ɗan shirin da zai karanto jerin ya tsara su da kansa. "Dannawa kawai za ki yi," in ji ka.

Na danna, Yaya. Ya yi ta karantowa har ya iso guntun da ke buga katin awo, sai ya tsaya cak. Wai na kati yana jiran na kalanda. Na duba na kalanda, shi ma yana jiran na kati. Na kashe, na kunna, na sake. Haka dai.

Kwana huɗu ina kan kujerar nan. Matan Dudunni da na Kafin Soli suna jere a benci suna leƙo ni ta taga. Sista Grace, ungozomarmu, tana ta sauri ta nemo sunayensu a tsohuwar kwamfutar kafin ta sake ɗaukewa. Wata baiwar Allah ta koma gida da yamma ba mu iya gaya mata ko an yi mata allura ta biyu ba. Ko ƙorafi ba ta yi ba, ta ɗaure goyonta ta kama hanya.

A rana ta biyar na kwafe jerin duka a bayan tsofaffin katuna, na baje su a ƙasa, ina bin su da yatsa. A nan na gani. Ka sauya guntun kalanda, amma layinsa a rumbun bai tafi daidai da sauyin ba. Ashe a tsohuwar kwamfutar da hannu ka sa shi, ka riƙe sauran a kanka. Na duba ranar da ka taɓa wurin ƙarshe. Mako guda ne kafin a kai ka asibiti a Katsina, lokacin da kake dafe ciki kana ce mana gyambon ciki ne, zai wuce.

Na gyara layin. Komai ya shiga tiryan-tiryan. Ni kuwa na zauna a ƙasa cikin katunan ina kuka.

Na ɗauka shi ke nan na fita. Sai Hajiya Talatu ta rungume ni a gaban kowa ta ce Allah Ya mayar musu da Sanusi. A gida, Inna ta kalli jakar da na haɗa ta ce, "Ina za ki tahi, ɗiyata? Abin ɗan'uwanki kaɗai ya rage mani da ke motsi a duniya." Me zan ce mata, Yaya? Kai ne ka iya ba ta baki.

Ranar ƙarshe ta rajista na fito bakin titi, na tsaya inda motocin Kano ke lodi, don daga can zan kama ta Zariya. Mota uku ta cika a gabana. Sai waya ta shigo, wai na'urar buga kati ta ƙi. Na juya.

Na rubuta wa makarantar ina roƙon a ɗaga mini zuwa baɗi. Har yau shiru.

Ba zan ɓoye maka ba, na ji haushinka. Me ya hana ka rubuta layin? Me ya hana ka ce mana ciwon ya fi haka? Sai kuma in tuna kana tasowa daga Kusada a kan babur da ciwon nan, don kada matan su tarar da kwamfuta a kashe, haushin ya rasa wurin zama.

Yanzu na sayi littafi mai kauri. Duk abin da na gano ina rubutawa da Hausa, dalla-dalla. Idan mace ta ƙarshe ta fita, sai in zaunar da Sista Grace in nuna mata. Tana tsoron rumbun kamar wuta, amma jiya ta buɗe shi ba ta kira ni ba.

Allah Ya jiƙanka, Yayana. Ya yalwata kabarinka, Ya sa kowace mace da ta haihu lafiya ta dalilin aikinka ta zama haske a gare ka. Na yafe maka layin nan ɗaya. Kai ma ka yafe mini, idan wata rana na hau motar.

Taka har abada,
Rabi