Tabon Mazarƙwaila a Damtsena

Zuwa ga Mai Filin Shawara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali da abokan aiki, don Allah ka taimake ni da shawara, kuma ka hanzarta, don mako uku kaɗai ya rage mini. Ka yi haƙuri da rubutun. A ajin yaƙi da jahilci na koye shi, bayan gemuna ya riga ya yi fari.

Tun ina yaro na taɓa jin wata magana, wai agana tana iya hawa rigar mutum ta bi shi har wani gari, ta sauka a kan wani, shi kuwa mai rigar ko ciwon kai bai yi ba. Kakata ce ta fara gaya mini. Amma ita ɗin ce kuma ta gaya mini akwai wata kura a bayan garinmu da ba ta fashin sallar asuba, don haka na haɗa maganganun biyu na ajiye wuri guda. Daga baya na sake jin ta a bakin wani falke a kasuwar Makarfi, na ce a raina shi ma jikan wata tsohuwar ne.

Ni manomin rake ne a ƙasar Paki, ina dafa mazarƙwaila. Ɗana na fari yana sakandare a Zariya, bana zai gama, kuma a unguwarmu ba wanda ya taɓa kaiwa nan. To ka san al'adarmu da ɗan fari: ba a kama sunansa, ba a yabonsa a kan idonsa. Shekara goma sha tara "kai" nake ce masa. In ina maganarsa da uwarsa sai in ce "yaron nan". Ran da labari ya zo ya ci jarrabawar shiga, abin da na iya ce masa shi ne ya je ya ba doki ruwa.

An aiko mana da kati daga makarantar, wai za a kira su ɗaya ɗaya a ba su takardar shaida, iyaye na zaune suna kallo. Na ce alhamdu lillahi, ga inda zan faɗi abin da baki ya kasa. Ba sai na yi magana ba, in dai na zauna inda zai gan ni. Na ba Iliyasu tela na Makarfi ɗinkin babbar riga, tana can wurinsa ban ma karɓo ba.

Sai agana ta shigo. Mun ji ta a Gubuchi, mun ji ta a Taba, kafin mu gama jajantawa ta iso mana. Yau kwana goma ke nan ƙanwar yaron, Zulai, 'yar shekara tara, tana kwance a ɗakin baya. Uwarsu Lantana ta yi agana tun tana yarinya, ita ke jinya. Ni ma ba zan ɓoye maka ba, ina shiga. Wa zai ji 'yarsa tana kiran Baba ya tsaya a bakin ƙofa?

A ƙasan katin nan an rubuta cewa duk wanda zai shiga makarantar sai ya nuna lambar rigakafin agana a damtse. Nan fa ake yinta, Malam, domin ni ba ni da lamba. Ran da masu lamba suka fara zuwa garinmu, a cikin rumbu na wuni. Haka na yi ta zille musu shekara da shekaru, har wata rana ruwan rake mai tafasa ya fallatso mini a damtsen hagu, ya bar tabo zagayayye kamar an auna. Tun daga nan na daina gudu. In suka zo sai in naɗe hannun riga. Makon jiya ma da suka zo saboda Zulai na nuna, malamin lambar ya ce madalla, ina ma kowa kamar Baba, har ya roƙe ni in lallasar masa maƙwabta. Na kuwa lallashe su. Mutum shida suka miƙa hannu saboda ni. Yanzu da wace fuska zan koma in ce nawa na mazarƙwaila ne?

Na rubuta wa yaron cewa ƙanwarsa ba lafiya. Shekaranjiya amsa ta zo, layi huɗu. Wai kada in zo. Wai shi zai kawo takardar gida da kansa. A ƙarshe wai in je a yi mini lamba ta gaskiya, har ya ja layi a ƙarƙashin "ta gaskiya". Yana ɗan shekara bakwai, yana kora dokin injin rake, a gabansa na ƙone. Bai taɓa tona ni ba.

Amma hankalina ya ƙi kwanciya, ga dalili. Shekara biyu da suka wuce na kai masa ziyara da buhun mazarƙwaila a ka, rigata duk danƙo, ƙudaje na raka ni har ƙofar makaranta. Ashe bayan tafiyata 'yan ajinsu, 'ya'yan ma'aikatan En'e, wato hukumar sarki, sun laƙaba masa suna Sarkin Zaƙi. A bakin uwarsa na ji. Tun daga ranar bai sake cewa in zo ba. To yanzu agana yake tsoro ko rigata? In tsoron cuta ne, na haƙura. In kunyata yake ji ya samu abin fakewa, gara in sani. Lantana ta ce, "Malam, kai dai ba ka son a ce maka zauna." Ƙanena Lado na Kudan kuwa ya aiko cewa in shiga mota kawai, tabo ai tabo ne, wa zai lasa ya ji zaƙi?

In na je, ina tsoron in kai wa 'ya'yan mutane abin da ba su aike ni ba. In na zauna, za a kira sunansa ya waiwaya ya ga uban kowa ban da nasa, kuma ranar ba ta dawowa. Abinci ma ya daina shiga. In je ko in zauna?

Maganar rigar nan da na ce maka na ajiye tare da kurar kakata, ta dawo. Wanda ya gaya mini ita na ƙarshe, a layi na uku na wasiƙarsa, shi ne Uwaisu. Ga sunan yaron nan na rubuta. Bakina bai taɓa faɗinsa ba.

Naka,
Tsohon Mai Rake, ƙasar Paki

AMSA

Wa alaikumus salam, Baba Mai Rake. Allah ya ba Zulai lafiya, ya saka wa mahaifiyarta da alheri. Na sa wasiƙarka gaban sauran saboda kwanaki sun matse.

A kan kura ban san komai ba, amma a kan riga kakarka ta yi gaskiya. Agana tana bin numfashin mai ciwon, tana kuma maƙalewa a tufafi da shimfiɗa. Ni kaina da na gama karanta wasiƙarka sai da na wanke hannu da sabulu. Abin da ya fi wannan, takan yi kamar kwana goma sha biyu a jikin mutum kafin ta nuna kanta. Kai ba ka da lamba, kana kuma shiga ɗakin. Saboda haka kada ka je. Tabon nan zai iya wuce mai gadin ƙofa, amma a cikin zauren akwai 'ya'yan mutane da iyayensu tsofaffi irinka, kuma da za su sani ba za su yarda ba. Ka gaya wa Lado agana ba ta duba damtse.

Yau ɗin nan, ba gobe ba, ka aika wa malamin lamba ka gaya masa gaskiya. Ba kai ne tsoho na farko da ya wuni a rumbu ba, ya ga irinku da yawa. Mutum shidan nan kuwa alheri ka yi musu, sai ka zama na bakwai. Ka daina shiga ɗakin, ka riƙa amsa wa Zulai daga tsakar gida, za ta ji muryarka. A tafasa tufafinku da shimfiɗarta. Ka bar kasuwa da taro har sai ɓawon ƙurajen ya gama zuba kuma malamin ya ce ka fita. In ka ji zazzaɓi da ciwon baya, ka sanar da shi nan take.

Sai maganar kunya. Ba zan ce zarginka ba shi da tushe ba. Yaro ɗan shekara goma sha bakwai da aka yi wa dariya yakan ji ciwo, mai yiwuwa kuma ya ji nauyin buhun nan fiye da kai da ka ɗauko shi. Amma sake duba wasiƙar. Wanda yake son ya ɓoye ubansa zai ce kada ka zo, ya tsaya nan. Shi kuwa ya ce zai kawo takardar har gida, sannan ya taɓo sirrin da ya riƙe maka shekara goma sha biyu. Ɗan fari ba ya yi wa ubansa irin wannan magana sai in tsoro ya fi ƙarfin kunya. Layin nan da ya ja, cewa yake kada ka mutu kafin ya iso. Shi ma ɗan gidanku ne, bakinsa bai fi naka sakewa ba.

Rigar da ke wurin tela ba ta taɓa shiga gidanka ba, tsabtatacciya ce. In Lado yana da lamba ta gaskiya kuma bai leƙo ku ba, ya karɓa ya sa, ya zauna inda yaron zai gan shi, ya gaya masa rigar wa ce. Yaron kuma ya sauka a Kudan tukuna har gidanku ya warke. Ran nan sai ka karɓi rigarka, ka tara unguwa a ƙofar zaure, ya karanta takardar kowa ya ji. Na san wannan ba zai maye ranar Zariya ba. Asara ce, ka ɗauke ta da haƙuri.

Al'adar filin nan ce mu sauya sunaye kafin mu buga. Wannan na bar shi yadda ka rubuta. 'Yan sakandare suna karanta jaridar nan, kuma ban ga amfanin a ce sunan da ya jira shekara goma sha tara ya tsaya a teburina ba.

Allah ya ɗauke mana wannan annoba, ya tashi kafaɗar Zulai, ya nuna maka ranar da Uwaisu zai miƙa maka takardarsa hannu da hannu.

Mai Filin Shawara