Sabon ski ko asirin ƙanin matata

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, a sakaya sunana. Don Allah shawara nake so ku ba ni, amma ku daure ku kai ƙarshe kafin ku fara amsawa, don na san abin da wasunku za su ce tun daga kanun maganar.

Shekarar da dusar ƙanƙara ta rufe London har bas-bas suka kasa fita, ita ce mafarin wannan abu. Forklift, motar ɗaga kaya, nake tuƙawa a wani warehouse, har yau ma can nake. Ranar kowa na ƙorafi, ni kuwa na tsaya bakin ƙofa ina kallon farin nan kamar an zazzage garin rogo a kan duniya. Wani abokin aikina ɗan Bulgaria ya gan ni, ya yi dariya, ya ce wannan ai ɗanɗano ne, in zo garinsu in ga tukunyar. Na ɗauka zance ne kawai. Da shekara ta zagayo sai ga ni a kan dutsen ƙasarsu da katakon zamiya biyu a ƙafa, waɗanda ake kira ski, na sha faɗuwa har na daina jin kunya, ban kuma dawo ba sai da na iya saukowa a tsaye. Tun daga nan duk hunturu sai na je.

Ni mutumin Jigawa ne, na haura hamsin, kuma ban yi boko ba. A garin nan duk inda na shiga sai an miƙo mini takarda, a banki, a wurin likita, a council, ni kuma in hau laluben aljihu kamar na manta gilashi a gida. A kan dutsen nan babu wanda ya taɓa miƙo mini komai. Hanya mai sauƙi alamarta shuɗiya ce, mai wuya ja, ta marasa tsoro baƙa, sauran kuma tsakaninka ne da ƙafarka. Yanzu alhamdu lillahi ina zuwa ajin manya a library, wannan da kuke karantawa ma da hannuna na rubuta, a hankali, ba wanda ya taya ni. Amma wurin da na fara jin ni cikakken mutum ne a ƙasar nan, dutsen ne.

Ski ɗina na hannu na saya, sun daɗe tare da ni. Bayan wardrobe suke zama a flat ɗinmu na Woolwich. Idan lokaci ya kusa sai in fito da su kicin in shafa musu kakin da ke sa su santsi da tsohon dutsen guga, maman yara tana tsokanata wai ga katakon gado an fito da shi shan iska. Ba ta taɓa hana ni ba. Ita ce ma ke haɗa mini yaji da soyayyen nama na tafiya.

To, tana da ƙani, autansu ne. Ita ta raine shi tun rasuwar mahaifiyarsu, ita ta yi faɗi-tashi har ya zo ƙasar nan. Yanzu ƙato ne, ya ninka ni jiki, yana zaune a Catford yana aikin delivery. Kun san yadda ake tsakanin mutum da ƙanin matarsa, wasa ne, ya ɗauki hularka ya ɗauki turarenka, in ka motsa baki a ce ba ka san wasa ba. Tsoho mai zamiya yake kirana. Bara kafin tafiyata, abokansa suka shirya zuwa wurin nan na bayan gari da ake zuba ƙanƙara a cikin gini. Ya shigo, ya zarce bayan wardrobe, ya kwashi ski da takalman gaba ɗaya tun da ƙafarmu ɗaya, yana cewa, "Tsoho, yau zan nuna maka yadda samari suke yi." Ban daɗe da karɓo su daga service ba. Raina bai so ba, amma na yi dariya na ce ya gai da ƙasa in ya faɗi. Ya dawo da su da ledar kilishi, na mayar bayan wardrobe ban duba komai ba.

Ga waɗanda ba su sani ba, a kan ski akwai maƙalin da ke riƙe takalmi, binding ake ce masa. Daidai nauyin mutum ake saita shi, don in ka faɗi ya sake ka, katakon ya yi nasa wuri kai ka yi naka. Da na je dutsen sai na faɗi, faɗuwar da na saba yi in tashi in kakkaɓe jiki, amma wannan karon bai sake ni ba. Katakon ya yi gabas, gwiwata ta bi shi, ni ina yamma. A kwance aka sauko da ni. Na dawo London da sanduna biyu a hammata, na daɗe ban je aiki ba, na daɗe ina sallah a kan kujera. Maman yara ta yi jinyata yadda ba zan iya biyanta ba, ruwan zafi, man zafi, kai ni physio wurin gashin ƙashi, ga nata aikin.

Da na fara takawa na kai ski ɗin shagon da ake yi mini service. Mutumin ya juya su, ya dube ni, ya ce wa ya taɓa wannan bayansa? An murɗe maƙalin har ƙarshe, ya ce ko doki aka ɗaure da shi ba zai kuɓuce ba. Ya nuna mini inda katakon ya tsage a ƙarƙashi, ya ce waɗannan sun gama aiki, irinsu ma an daina yi.

Na sami autan a kasuwar Woolwich, wajen masu kifi, na ja shi gefe. Bai yi musu ba. Ya ce takalmin ne ya riƙa cirewa, abokansa na yi masa dariya, ya ga sukuru ya nemi sukudireba ya ƙara masa ƙarfi, ya manta bai mayar ba. Ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya ce in rufa masa asiri, in Yaya ta ji shi ne ya kusa gurgunta mata miji ba za ta ƙara kallonsa ba, kuma ba shi da kowa sai ita. Na ce masa ya je, Allah ya kiyaye gaba. Iyakar abin da na ce ke nan.

Yanzu gwiwa ta warke, mai physio ta ce zan iya komawa in na bi a sannu. Mai shagon ya nuna mini sabon samfuri, irin da suke kira all-mountain, wato mai shiga ko'ina a kan dutsen, inda aka share da inda ba a share ba. Ya fi nawa faɗi, ya fi sauƙin nauyi, ya ce yana juyawa ba sai ka tilasta wa gwiwa ba. Na ɗaga shi a hannu na jujjuya shi. Takardar bayaninsa ma na zauna a kujerar shagon na karance ta da kaina. Kuɗi ba su ne matsalar ba, overtime ɗina ne, ban taɓa na cefane ba. Abokina ɗan Bulgaria har ya yi mana booking.

Matsalar ita ce maman yara. A wurinta dutsen ne ya karya ni, tsagewar katakon kuma Allah ne ya raba ni da shi, sai in gode. Ta ce shekara da shekaru ita ke karanta mini wasiƙun council da na asibiti ba ta gaji ba, amma ba za ta zauna jiran wadda za a rubuto mata daga wata ƙasa a ce ta zo ta ɗauki gawa ba. Ta kai ƙarata wurin wani dattijonmu, ya tare ni bayan Juma'a ya ce mai furfura da 'ya'ya mata sun isa aure ba ya wasan yara. Yanzu a bakin masallaci Alhaji Ƙanƙara suke kirana, ina amsawa kuma, don ban ga abin kunya ba. Daga ƙarshe ta ce ranar da sabon ski ya shigo flat ɗin nan, ranar za ta haɗa jakarta ta koma Catford wurin ƙaninta. Na san matata, ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba.

Duk wannan na shanye. Abin da ya tsaya mini shi ne ran Lahadin da ta wuce. Autan ya zo cin tuwo kamar yadda ya saba, ta tayar da maganar a gabansa, sai na ji shi da bakinsa yana cewa gaskiya Yaya ta fi ni gaskiya, in haƙura haka nan, shekaru sun ja, ƙashi ya yi sanyi. Yana faɗa yana kallon kwanonsa. Na ajiye lomar da ke hannuna na tashi na wanke hannu.

Saboda haka wanda zai ce mini Bahaushe ba ya ski, ko girma ya kama ni, ya riƙe shawararsa, na ji ta a wurin waɗanda suka fi shi kusa da ni. Ba shekaru ne suka kayar da ni ba, kuma ba dutse ba ne. Masu cewa in yi shiru in je in yi hayar ski a can, tafiyar ce ba ta so, kuma ni ban taɓa ce mata zan je wani wuri in je wani ba.

Abin da nake tambaya shi ne, in sayi sabon in ja bakina in bar ta ta tafi wurin mutumin da ya jawo abin, ko in zaunar da ita in faɗa mata wanda ya murɗa sukurun, in raba ta da yaron da ta goya? Ko kuwa in kira shi in ce ya faɗa mata da kansa kafin hunturu ya shigo? In ya ƙi fa? 'Yan uwa mata musamman, in ke ce, wanne za ki fi iya yafewa?

Zuwa yau dai ga abin da ya tafi: ski ƙafa biyu, hunturu guda, watannin da goshina bai taɓa ƙasa ba, da abokin wasa ɗaya, wanda har yanzu yake zuwa cin tuwo ran Lahadi.