Kifin da Na Ƙi Ci a Tsibiri

Assalamu alaikum Kawu Garba,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, da Inna Rabi da yara duka. Yaya ciwon ƙafar? Yaya ruwa a Yawuri bana, kifi na samuwa?

Mun dawo Jami'ar Ainu Shams daga tafiyar karatun da sashenmu ya kai mu a jirgin ruwa kan Kogin Nilu, muna ɗibar ruwa don gwaji, kowa kuma zai rubuta rahoto. Saura kaɗan mu iso Alƙahira muka tsaya cin abinci a wani ƙaramin tsibiri. Na yi murna, na ce yau zan ga masuntan Masar in ba ka labari.

Kawu, ba taru ba koma. Wasu mutum biyu na gani a kwalekwale suna tsiyaya maganin ƙwari a ruwa. Nan da nan kifi ya taso ciki sama, wurin ya ɗau wari kamar an yi feshi a gona. Suka kwashe manyan, suka bar ƙananan a gaɓar da mata ke wanke-wanke. Kifin da suka kwashe ɗin nan aka soya aka kawo mana! Na ture farantin.

Da na gaya wa malaminmu sai ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri Aminu, kada ka sa wannan a rahotonka." Na kwana ina tunani, amma na sa. Shi ne kuma zai ba da maki.

A taya ni da addu'a, Allah Ya sa kada ya kayar da ni. A gaida Inna da su Sani.

Ɗanka,
Aminu