Inci Ɗaya da Rabi a Gindin Bindigar Merle

Lewistown, Montana
24 ga Satumba

Zuwa ga Yaya Wendell,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Bonnie da duk wanda ke ƙarƙashin rufinku. Bonnie ta ce min tun da kuka koma Yuma tarin nan naka ya ragu, har kana fita yawo da safe. Na yi wa Allah godiya, ina kuma roƙonsa ya ƙara maka sauƙi, ya bar mana kai. Mu nan lafiya lau. 'Yarmu Corinne ta zo daga Billings makon jiya da jaririyarta, yarinyar ta fara rarrafe, goshinta kuwa na Merle ne sak, har da tamke shi in an hana ta abu. An gama yankan ciyawa, ƙanƙara ta fara sauka a kan duwatsu. Ni dai ga ni nan. Wata goma ke nan da rasuwar ƙaninka Merle, amma har yau in na ji mota ta rage gudu a bakin hanya sai na ɗaga labule.

Na zaɓi in rubuto maka maimakon in buga waya, domin a waya za ka katse ni, ni kuma in fara kuka in manta abin da zan ce. Maganar bindigar Babanku ce. Ranar jana'iza, a kicin ɗin coci, ka riƙe hannuna ka ce in bar ta yadda take, a rataye a bisa ƙofa, kada kowa ya taɓa ta, tunda ita kaɗai ta rage mana daga aikin hannun tsohon. Na ce maka to. Yaya, ban cika wannan alkawari ba, kuma gara ka ji daga bakina da ka ji daga bakin wani.

A watan Afrilu Otis Brekke mai gyaran bindiga ya kira ni. Ya yi ta kame-kame, daga baya ya ce bututun bindigar da Merle ya sa a kawo masa ya iso, bai san yadda zai yi da shi ba. Ni ban ma san da zancen ba. Ashe tun kafin ciwon ya kwantar da shi Merle ya je ya ce masa bututun bindigar ya cinye, harsashinta kuma na barewa ne, ya gaji da aron bindigar maƙwabta duk shekarar da ya samu izinin harbin elk, ƙatuwar barewar nan ta tsauni. Yana son bindiga guda wadda za ta iya da barewa, ta iya da elk, har da beyar in ta kama, kuma ba wata yake so ba sai ta Babansa. Da Otis ya gama, sai kawai na ji bakina ya ce ya sa mata bututun. Ban tuna da kai ba sai da na ajiye wayar. Na kai masa ita da kaina, ya sa sabon bututu mai cin harsashi mai nauyi, ya sa sabon madubin saiti wanda ake gani da shi tun gari bai gama wayewa ba.

Da farko niyyata in mayar da ita bisa ƙofa, in ce na cika wa Merle burinsa. Sai wata rana na buɗe firiza na ga naman ya kusa ƙarewa, ƙunshi kaɗan ya rage, kowanne da rubutun Merle a jiki, da rana da wurin da ya harbo. Shekara talatin da ɗaya ina bin shi daji. Ni ke riƙe ƙafar dabba yana fiɗa, ni ke yanka, ni ke naɗewa. Na san inda elk suke kwana a bayan tsaunin nan, na san ta inda iska ke busowa da asuba. Abu ɗaya ne ban taɓa yi ba, jan kunama a kan abin da ya fi gwangwani. Sai na cike takardar neman izinin farauta, ban gaya wa kowa ba. Da aka yi ƙuri'a sunana ya fito, macen elk guda ɗaya.

Ranar da na fara gwada ta, ni da Faye maƙwabciyata muka je bayan gonarsu muka kafa kwali. Ka san tsawon hannun Merle, ka kuma san nawa. Gindin bindigar bai zauna a kafaɗata ba, a damtse ya tsaya, na miƙa wuya ina neman madubin. Da na ja kunama bindigar ta shure ni, bakin madubin ya tsaga min gira, sai da aka yi min ɗinki huɗu. Faye tana danna min hankici tana dariya har da hawaye. Ta ce shekara talatin da ɗaya Merle bai taɓa ɗaga min hannu ba, sai da ya tafi ya aiko bindigarsa ta rama masa duk surutun da na yi masa. Ranar Lahadi kuwa matashin faston nan namu ya ja ni gefe, cikin sanyin murya ya tambaye ni ko komai lafiya a gida. Na ce masa ni kaɗai ce a gidan, in akwai mai dukana sai dai ya yi min addu'a ta musamman. Rabon da in yi dariya irin ta ranar tun kafin a kwantar da Merle a asibiti.

Na koma wurin Otis da kumburarren ido. Ya auna ni daga lanƙwasar gwiwar hannu zuwa gaɓar yatsa, ya ce hannuna na zomo ne, ko dai a rage gindin inci ɗaya da rabi ko a ƙara min ƙashi, shi kuma aikin katako ya koya. Na ce masa ba za a sa wa katakon nan zarto ba, surukina ne ya sassaƙa shi da hannunsa, kuma na yi wa yayan mijina alkawari. Sai ya ɗauko min gindin roba irin na zamani, ya ce a sa wannan a ajiye na katakon a akwati, kowa ya huta. Na ɗora shi a kafaɗa, ya zauna daidai, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ka san wurin nan a gefen hagu inda kuncin Merle ya goge katakon har ya yi fari ya yi santsi. Da na kwantar da fuskata a kan robar, sai na ji kamar na jingina da ƙofar wani gida da ban sani ba. Na ajiye na ce ya bari in yi tunani.

Bayan kwana biyu ya kira ni ya ce in zo in ga wani abu. Ya cire farantin ƙarfen da ke ƙarshen gindin don ya auna, ya goge dattin shekaru, sai ga wani siririn layi ya zagaye katakon. Ya ce an taɓa yanke gindin nan, aka ajiye guntun, daga baya aka mayar da shi da gam. Ya ce haka mutanen da suke yi, bindiga ɗaya ce a gida, in mai gajeren hannu zai riƙe ta sai a rage, in ta koma hannun dogo a mayar. Wanda ya yi aikin ya iya sosai, shi ya sa ko Merle bai taɓa lura ba. Guntun inci biyu ne. In an cire shi aka sa robar rage duka mai kaurin rabin inci, awona ya fito daidai. Na tsaya ina kallon layin nan na daɗe, sannan na ce masa ya yi. Bai taɓa zarto ba. Tururi ya kara masa a hankali, tsohon gam ya saki, guntun ya faɗo a tafin hannunsa.

Tun ranar nake tambayar kaina, wa Babanku ya yanke wa? Da farko na ɗauka ku ne kuna yara, amma Merle ya sha gaya min ba a bar ɗayanku ya taɓa ta ba sai da kuka kai tsawonsa. Sai na tuna ya taɓa ba ni labarin shekarar da gungume ya karya wa Babanku ƙugu a wurin yankan katako, ya kwanta tun daga kaka har bazara. Ya ce shi abin da ya riƙe kawai shi ne ba su rasa nama ba. Yana ɗan shekara huɗu lokacin, kai kana da goma sha ɗaya. Ni kuma na san tsawon mahaifiyarku Mama Ingrid, domin rigunanta da aka ba ni ban rage ko ɗaya ba. Ban ce ita ce ba, Yaya. Kai za ka sani. In ita ce, ina so ka ba ni labarin, ko a layi biyu ne.

Jiya muka koma bayan gonar su Faye. Gindin ya shiga kafaɗata kamar an auna shi da ni, kuncina ya sauka a wurin Merle, ɗan gaba kaɗan. Na harba uku daga yadi ɗari, duka ukun tafin hannuna ya rufe su. Faye ta ce kwalin dai ya mutu, saura mu ga ko elk zai yarda ya tsaya min haka. Ta yi alkawarin za ta bi ni, mijinta kuma zai zo da dawakai in Allah ya ba mu sa'a. In ban samu harbi mai kyau ba, ba zan ja kunama ba. Wannan na koya a wurin ƙaninka, na ga ya dawo hannu wofi ya fi sau goma saboda haka.

Ban rubuto don in wanke kaina ba. Na ba ka magana na saɓa, kuma ka fi ni haƙƙi a kan abin da Babanka ya bari. Ina roƙon ka yafe min. Guntun yana nan na naɗe shi a tsumma, Otis ya ce mayar da shi aikin yini ɗaya ne, tsohon bututun ma bai yar ba. In ka ce a mayar da komai a rataye ta bisa ƙofa, za a yi, ba zan riƙe ka a zuciya ba. Abu ɗaya nake roƙo: ka bari sai bayan Nuwamba, in lokacin farauta ya wuce.

Ka gaishe min da Bonnie, ka ce mata na ga hotunan, lemunanta sun yi kyau. Ka gaida Russell da matarsa da yaran, da Goggo Thelma in ka je dubiya, ko da ba za ta gane sunana ba. Corinne tana gaishe ku. Otis ma ya ce a gaishe ka, ya ce har yanzu yana jiran ka zo ka nuna masa barewar nan mai rassan ƙaho goma sha biyu da kake ba da labari. Allah ya kiyaye ku, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taka a kullum,
matar ƙaninka,
Arlene