Matar Mai Gurmi

Madina

Zuwa ga Baban Sara,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Sara da Inna. Ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, aikin wanki a otal yana nan yadda ka sani.

Haladu, abokinka na ƙuruciya da ke tuƙin bas a nan, ya shirya wasan kwaikwayo. 'Yan garinmu za su yi shi bayan Sallah a wata istiraha, wato gidan shaƙatawa, da suka kama haya a bayan gari. Ya ce labarin wani mai gurmi ne a ƙauye, wanda ya rantse sai an ji muryarsa a rediyo. Na tambaye shi ko kai ne, ya ce ƙirƙira ce. Zan je in gani.

Taka,
Indo

Madina

Zuwa ga Baban Sara,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, an yi wasan.

Kai ne. Har tarin da kake yi kafin ka fara waƙa an yi. Mai gurmin ya sayar da ragonsa ya tafi Zinder a ɗauki muryarsa, ya dawo a ƙasa. An yi dariya sosai. Wani Mu'azzam, mai aikin kaya a filin jirgi, shi ya yafa mayafi ya fito a matsayin matar. Ranar tafiyarta ta tsaya a bakin ƙofa ta ce gurmi ba ya cika tukunya, kuma ta gaji da auren mutumin da ke jiran tafi. Mu biyu ne kaɗai a ɗaki ran da na faɗi wannan. Ban san ka kai wa Haladu ba.

Matan da ke kusa da ni suka yi ta tsine wa matar. Na zauna na ji.

Daga nan aka rera waƙarka ta rijiyar Matamaye, wurin ya yi tsit. Hajiya Shafa'atu, wata tsohuwa haifaffiyar nan wadda ba ta taɓa taka ƙasarmu ba, ta yi kuka har jikarta ta riƙe ta. Ta tambaye ni, rabi Hausa rabi Larabci, ko na san mai waƙar. Na ce mijina ne. Sai matan suka daina kallona.

Waƙar tana da daɗi. Ban taɓa cewa ba ta da daɗi ba.

A ƙarshen wasan an kira mai gurmin gidan rediyo, matar ta dawo ta durƙusa tana neman gafara, aka yi tafi. Ban sani ba ko kai ka ba Haladu wannan ƙarshen, ko nasa ne. Ni dai jiya mudir, manajan otal ɗinmu, ya tambayi masu son a sabunta musu iƙama, takardar izinin zama a nan, na ce a sabunta tawa.

Ka gaida Inna. Ka sa Sara ta riƙa zuwa makaranta, ko da ranar kasuwa ce.

Matarka,
Indo