Ɗakin Bayan Shagon Yaya

Litinin, 3 ga Maris

Yaya ya ce in kwashe tanderuna daga ɗakin bayan shago kafin ƙarshen wata, zai zuba firam-firam na taga a ciki. Wai shagonsa na yankan gilashi ne, ba gidan wasa ba. Ni ce ke yanka masa gilashin tun safe har la'asar, kuma guntayen da yake zubarwa nake narkarwa. Na ce masa ba inda za ni. Ya ce, "Auta, ki girma mana." Da furfura a kaina!

Alhamis, 6 ga Maris

Na tsinto ganyen mangwaro a bakin kwata, tsutsa ta cinye gefe ɗaya, sai jijiyoyi. Irinsa zan yi da gilashi. Koren kwalba, da ɗan ruwan ƙasa a baki-baki. Ramukan ne aiki: sai gilashin ya yi laushi kamar zuma kafin in huda da tsinken ƙarfe, in na yi jinkiri ya daskare.

Asabar, 8 ga Maris

Ya tsage. Na yi gaggawar fito da shi, iska ta buge shi.

Laraba, 12 ga Maris

Wata mata mai shagon kayan ado ta zo. Ta juya ganye na biyu da na yi a hannunta, ta ce hannuna na da kyau, amma wa zai ajiye cin tsutsa a falonsa? In yi mata furanni jajaye, masu sheƙi, duk iri ɗaya. Na ce ban taɓa ganin fure biyu iri ɗaya ba. Yaya na jinmu daga wajen tebur, yana ta gyaran murya kamar ya haɗiyi ƙashi. Ta tafi ba sallama.

Bayan ta fita ya ce taurin kaina irin na Baba ne. Ya ɗauka zagi ne.

Talata, 18 ga Maris

Ƙuna a wuyan hannu. Matar Yaya ta shafa mini magani tana faɗa, wai mace da tabo kamar mai gasa nama. Reshe nake yi yanzu, ganye a jikinsa, wani lafiyayye, wani cinye, wani ya fara bushewa. Abin da ke kan bishiya ke nan, ba ni na ƙirƙira ba.

Juma'a, 21 ga Maris

Na je na ga wata rumfar haya a bayan shagon mai walda. Rufin na yoyo, ƙasa ba siminti, ƙarar injinsa har cikin haƙori. Na ce zan yi shawara. Da wa?

Alhamis, 27 ga Maris

Na dawo daga sayen gas na tarar da Yaya a ɗakin baya, tsaye gaban reshen, hasken taga na ratsa shi, kore ya zubo masa a riga. Na ɗauka bai ji shigowata ba. Ya daɗe yana kallon reshen. Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ki bar tanderun. Zan sama wa firam ɗin wani wuri."

Ya kamata in ji daɗi. Amma ban ji ba. Wato sai ya ce zauna in zauna, ya ce tashi in tashi.

Na ce, "Na gode, Yaya, amma na riga na kama rumfa."

Ban kama ba a lokacin. Da yamma na je na kama.

Litinin, 31 ga Maris

An kwashe. Bai taya ni ba, bai hana ba.

Asabar, 5 ga Afrilu

Rumfar tawa ce. Na toshe yoyon da kaina. Mai walda ba ya magana, ba wanda zan yi wa gardama, har na rasa yadda zan yi da bakina. Aikin kuwa ya fi fita sumul, ban san dalili ba.

Na kira Yaya in tambaye shi inda ake samun bakin abin yanka gilashi. Na san inda ake samu. Mun yi hira har wayata ta ɗauki zafi.