Jinina da Jinin Ɗan Cikina

Daren Laraba, a gida, unguwar Longsight

Na kasa barci. Yau aka soka min allura ta ciki har zuwa igiyar cibiyar yaron, aka ɗebi jininsa, saboda hoton cikin da aka ɗauka ya nuna bai kai girman ɗan wata biyar ba. Tun safe na zauna ina jira a asibiti, nas ɗaya ce ke ta zirga-zirga a kanmu, wai an rage musu ma'aikata.

Kafin a fara, wata likita ta roƙi in bari su auna wani abu a ragowar jinina da nasa, wai shi endothelin, mai matse jijiyoyin jini. Na ce, "To in nawa ya yi yawa, ni ce nake hana shi abinci ke nan?" Ta ce ba su sani ba tukuna, shi ya sa suke binciken. Na amince, amma maganar ta tsaya min a rai.

Na kira mijina, Baban Amira, yana aikin dare a asibitinsu na Birmingham, babu mai karɓarsa sai Juma'a. Ya ce, "Hadiza, ba laifinki ba ne." Sai dai da muryar da yake lallashin marasa lafiya ya faɗa, ba tasa ta gida ba.

An ce in lura ko zan ga jini. Na yi ta zaryar banɗaki har na gaji. Ɗazu yaron ya motsa kaɗan. Har yanzu hannuna na wurin, ina jiran ya sake. Ya Allah, ka bar min shi.